Filin Lantarki Tsakanin Faranti Biyu

Darasinmu na yau a kan filin lantarki ne, watau sararin da ke kewaye da abu mai caji, inda duk wani cajin da ya shiga zai ji ana jansa ko ana ture shi. Kun dai san caji iri biyu ne, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Iri ɗaya sukan ture juna, iri dabam kuwa su ja juna.

Ƙaramin ƙwallo mai caji, filinsa bazuwa yake ta kowane gefe kamar hasken fitila. Coulomb, mutumin Faransa, ya nuna a 1785 cewa in ka ninka nisa, ƙarfin sai ya koma rubu'i. To, amma faffaɗan faranti wanda caji ya bazu a kansa daidai wa daida ba haka yake ba. Layukan filinsa a miƙe suke fita kamar kunyoyin gona, ba sa warwatsuwa. Saboda haka ko ka matsa kusa ko ka ɗan ja da baya, ƙarfin ɗaya ne, muddin nisanka ƙanƙane ne in an gwada shi da faɗin farantin. Nan ne na ga ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a jarrabawa.

Yanzu a jera faranti biyu suna fuskantar juna, ɗaya mai tarawa, ɗaya mai ɗebewa, cajinsu kai ɗaya. Cajin tarawa da ke tsakaninsu, wannan yana ture shi, wancan yana jansa, duk wajen guda. Ke nan ƙarfi ya zama ninki biyu, kuma daidai yake ko'ina a tsakani, sai dai bakin faranti inda layukan ke lanƙwashewa. A waje kuwa ja da turi sun soke juna, ba sauran kome.

Ga lissafinsa: a raba yawan bolt da tazarar faranti. Batirin mota bolt 12 ne. In tazara milimita 2 ce, watau mita 0.002, filin ya zama bolt 6,000 a kowace mita. In ya kai wajen 3,000,000 cikin busasshiyar iska, sai tartsatsi ya tsallaka.

Da irin farantan nan Millikan ya yi aiki a Shikago ta Amurka tun daga 1909. Ya sa ɗigon mai tsakaninsu, ya auna cajin elektiron, har ya sami kyautar Nobel a 1923. Su ne kuma asalin kafasito da ke cikin rediyo da talabijin. Ina gargaɗinku, babban kafasito yakan riƙe caji bayan an zare waya, kada ku sa masa yatsa.

Ga aikin gida: in farantan duka biyu masu tarawa ne, ina filin zai ɓace, ina kuma zai ninku? Ku zana layukan, ku kawo mini ran Litinin.