Sadarwa a Karkara: Abin da Ke Hana Ruwa Gudu

Kafin shekarar 2001, layukan wayar tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba, kuma galibinsu suna hannun kamfanin gwamnati na NITEL, a ofisoshi da gidajen masu hali na manyan birane. A watan Janairu na wannan shekara ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda aka kafa a 1992, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agusta kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, Globacom ya biyo baya a 2003, sannan Etisalat a 2008. A yau layukan da ke aiki sun zarce miliyan 150. Duk da wannan bunƙasa, har yanzu akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu ko ya yi tafiya mai nisa kafin ya buga waya.

Girman giɓin

Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu na musamman mai suna USPF, wanda aikinsa shi ne tallafa wa kai sadarwa wuraren da 'yan kasuwa ba za su je da kansu ba. Binciken da aka gudanar a 2013 ya gano yankuna 207 da babu sadarwa ko kuma ba ta wadata ba, inda mutane kimanin miliyan 37 ke zaune. A 2019 yankunan sun ragu zuwa 114, a 2022 kuma zuwa 97, masu mutane wajen miliyan 27. Abin lura a nan shi ne, adadin yankunan ya ragu da fiye da rabi, amma adadin mutanen ya ragu ne da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Ke nan wuraren da suka rage ba kufai ba ne. Cike suke da manoma da makiyaya da masunta waɗanda kasuwannin birane ke dogaro da kayansu.

Lissafin turken sadarwa

Tushen matsalar lissafi ne na kuɗin shiga da kuɗin kashewa. Turken sadarwa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, kuɗin kafa shi a ƙauye bai kasa na birni ba, sau da yawa ma ya fi, domin sai an yi jigilar kaya a kan hanya marar kyau. Bayan an kafa shi kuma yana bukatar wutar lantarki dare da rana. Da yake yawancin ƙauyuka ba su da wutar gwamnati, sai a dogara da janareta da man dizal, ga albashin mai gadi, ga kuɗin injiniyan da zai riƙa zuwa gyara.

A ɓangaren kuɗin shiga kuwa, turke ɗaya a unguwar Sabon Gari ta Kano ko Oshodi ta Legas yana hidima ga dubban mutane masu sayen kati da data kullum. Irinsa a ƙauye mutanensa kaɗan ne, a warwatse suke, kuma cinikinsu yakan bi damina da kaka. Idan abin da turken ke samarwa a wata bai biya man da ya sha ba, babu kamfanin da zai zuba jarinsa a wurin sai da tallafi. Faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta ƙara tsananta lamarin, saboda kusan dukan na'urorin daga waje ake sayo su da dala. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan farashin kira da data a watan Janairu na 2025.

Daga bakin teku zuwa cikin ƙasa

Intanet mai sauri yana shigowa Nijeriya ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na 2022. Kusan dukansu a Legas suka sauka. Daga can sai an ja wayar ƙarƙashin ƙasa mai zaren gilashi, wadda ake kira fayiba, zuwa sauran jihohi, sannan zuwa turakun da ke rarraba wa jama'a. Turken da ba a haɗa shi da irin wannan waya ba zai iya ɗaukar kira, amma intanet ɗinsa yakan yi tafiyar hawainiya.

A nan ne batun kuɗin izinin haƙa hanya ya shigo. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince cewa kowace jiha ta riƙa karɓar Naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Jihar Ekiti, alal misali, tana karɓar Naira 4,500 kafin ta sauko zuwa Naira 145 a 2020, shekarar da Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. A kan tsohon farashin na Ekiti, izinin jan waya mai tsawon kilomita 100 zai ci Naira miliyan 450, alhali a kan sabon farashin Naira miliyan 14.5 ne. Jihar da ta tsawwala wannan kuɗi takan samu ɗan abin da ta samu sau ɗaya, sannan ta yi asarar harajin kasuwancin da sadarwar za ta haifar shekara da shekaru.

Bayan an shimfiɗa wayar ma ba a huta ba. 'Yan kwangilar gina hanya sukan datse ta, ɓarayi kuma sukan sace batura da man janareta. Saboda haka ne a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Abin da ɗan kasuwa zai samu

Amfanin farko shi ne sanin farashi. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin fatake sun daina tafiya a makance. Darasin ya shafi dillalin da ke Dawanau da mai shanu a Potiskum da mai sayen tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas.

Amfani na biyu shi ne biyan kuɗi. Ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya nuna cewa garin da babu sabis ba ya iya karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS, don haka manoma da yawa suka karyar da kayansu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Haka kuma, lokacin da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, 'yan kasuwa sun riƙa ƙetarawa maƙwabtan jihohi don kawai su tuntuɓi abokan cinikinsu ko su tura kuɗi.

Hanyoyin da ake bi

Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ƙudiri kai yawan masu amfani da intanet mai sauri kashi 70 cikin 100, amma alƙaluman hukumar NCC na 2025 sun tsaya a wajen kashi 50. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a kan kimanin 35,000 da ake da su. Ban da wannan, ƙananan turaku masu aiki da hasken rana suna rage kuɗin mai, haɗa gwiwar kamfanoni a kan turke ɗaya yana raba nauyin kashewa, sannan intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda kamfanin Starlink ya fara samarwa a Nijeriya a watan Janairu na 2023, tana isa inda waya ba ta kai ba, ko da yake tsadarta ta fi ƙarfin mutum ɗaya sai dai ƙungiya ko makaranta ko asibiti.

Akwai kuma wani cikas da turke ba ya magancewa. Mutane da yawa suna zaune a inda sabis ya kai, amma ba su da wayar zamani, ko wurin yin caji, ko ilimin amfani da ita. Wannan giɓi kasuwa ce ga mai sayar da waya a biya kaɗan-kaɗan, da mai shagon caji da hasken rana, da wakilin banki na ƙauye. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma suna da ta cewa: su ne za su iya matsa wa gwamnatocin jihohinsu lamba a kan kuɗin izinin hanya, su ba da fili, su kuma taimaka wajen tsaron turakun da aka kafa a garuruwansu.