Yadda Ake Bayyana Rashin Iyawa a Turanci

Gabatarwa

Ni mutumin Kwadon ne, kusa da birnin Gombe a kan hanyar Dadin Kowa. Da harshen Tera na buɗe baki, Hausa a kasuwar kayan gwari ta garinmu na tsince ta, Turanci kuwa sai a aji. A shekarata ta farko a jami'a mahaifina ya kwanta ciwo, na kai shi asibiti, har gwajin darasin Turanci ya wuce ni. Sai na rubuta wa malamin takarda na ce, "I failed to attend the test." A zuciyata "na kasa zuwa" nake nufi. Da ya karanta sai ya dube ni ya ce, "Kai kuwa, uzuri ka kawo ko amsa laifi ka zo yi?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, uzuri ne." Ya ce in koma in sake rubutawa.

Tun daga ranar na gane cewa rashin iyawa iri-iri ne, kuma Hausa ta ba kowanne kalmarsa. Wanda ya tantance abin da yake nufi da Hausa, zaɓen kalmar Turanci zai zo masa da sauƙi.

1. Rashin ƙwarewa

Idan mutum bai koyi abu ba, Bahaushe yakan ce "ban iya ba". A Turanci ana amfani da "can't" ko "don't know how to":

Ban iya tuƙi ba: I can't drive, ko I don't know how to drive.

Ita kalmar "can" ta samo asali ne daga "cunnan" ta tsohon Turanci, wadda ke nufin sani. Ke nan tushenta ya yi kama da "iya" tamu. A rubutun jarrabawa da wasiƙar ofis an fi son cikakkiyar siffar, wato "cannot", kuma a haɗe ake rubuta ta. Aikatau ɗin da ya biyo ta ba ya ɗaukar "to" ko ɗafin "-s". Saboda haka "He can't swim" daidai ne, amma "He can't swims" da "He can't to swim" kuskure ne.

2. Shuɗaɗɗen lokaci

"Na kasa" da "ban samu dama ba" suna zama "couldn't" ko "wasn't able to" ko "was unable to":

Direban ya kasa tayar da motar: The driver couldn't start the car.

Ban samu damar zuwa ba: I was unable to come.

Ta ƙarshen ta fi dacewa da takardar neman uzuri. Ita kuwa "failed to", wadda ta jawo mini tambayar Malam, a wasiƙa irin wannan takan nuna cewa akwai abin da ya wajaba a kan mutum amma bai yi ba. Shi ya sa ake yawan ganin ta a takardun tuhuma na ofisoshi da rahotannin kotu.

3. Lokaci mai zuwa

Ba a haɗa "will" da "can". Abin da ake cewa shi ne "won't be able to":

Ba zan iya biyan kuɗin makaranta a wannan wata ba: I won't be able to pay my fees this month.

Idan an riga an san uzurin tun yanzu, "I can't come tomorrow" ma ta yi. Amma a yi hattara da "I won't pay" kurum, domin mai sauraro zai iya ɗaukar ta a matsayin "na ƙi biya". Tsakanin kasawa da ƙi akwai tazara, musamman a gaban wanda ke bin ka bashi.

4. Abin da ya fi ƙarfin mutum

A inda muke cewa "ya fi ƙarfina" ko "ya gagare ni", Turanci yana da tsarin "too ... to":

Kwandon tumatir ɗin ya yi mini nauyi, ba zan iya ɗaga shi ba: The basket of tomatoes is too heavy for me to lift.

A lura cewa babu "not" a jimlar, korewar tana cikin "too" ne. Idan aka sa "very" a gurbinta, ma'anar kasawa ta ɓace.

5. Abin da ba ya yiwuwa

Mu ɗaliban Hausa mun san giredin aikatau na F. W. Parsons, wanda ya fito da shi a 1960. Aikatau na giredi na 7, irin su gyaru da ɗauku da shawu, idan suka zo a lokaci mai ci tare da korewa suna nuna cewa abu ba ya yiwuwa, ba tare da an ambaci mai aiki ba. Turanci yana yin wannan da "can't be":

Motar ba ta gyaruwa: The car can't be repaired.

Kayan ba sa ɗaukuwa: The load can't be carried.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne tara kalmomi biyu masu aiki ɗaya, kamar "I couldn't able to come" da "I can't be able to come". A zaɓi ɗaya: "I couldn't come" ko "I wasn't able to come".

Na biyu shi ne fassara "ji" kai tsaye. "Ba na jin Turanci" ba "I don't hear English" ba ce, "I don't understand English" ce. "I can't hear you" kuwa maganar kunne ce, kamar lokacin da layin waya ya yi rauni.

Na uku, ba kowace "can't" ce ke nuna kasawa ba. "You can't park here" hani ne, wato an hana ajiye mota a nan, ko da direban ƙwararre ne.

Kammalawa

Kafin ka rubuta, tambayi kanka da Hausa: ban iya ba ne, ko na kasa, ko na ƙi, ko kuwa abin ne ba ya yiwuwa? Ni dai da na koma na rubuta, "I was unable to attend the test because my father was ill", Malam ya sa mini ranar da zan yi gwajin. Ga jimloli uku mai karatu ya gwada fassarawa, sannan ya nuna wa abokin karatunsa, domin matambayi ba ya ɓata: "Ban iya ɗinki ba", "Ruwan ba ya shawuwa", da "Ba za mu iya kai albasa kasuwa gobe ba". Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.