Kurmin Da Ba A Taɓa Ba

A darasin wannan wata za mu yi magana a kan kurmi, watau babban daji mai duhuwa inda rassan itatuwa su ke haɗuwa a sama har rana ba ta kai ƙasa sosai. Masana sun ware wani iri daga cikinsu su na ce da shi cikakken kurmi. Kafin a kira shi haka sai girmansa ya kai murabba'in kilomita 500, wato kamar fili mai kilomita 22 a kowane gefe, ba hanyar mota a ciki, ba gona, ba wurin yankan katako. Yawancin waɗanda su ka rage su na ƙasar Amazon a Amurka ta Kudu, da kwarin kogin Kwango, da arewacin Kanada da Rasha.

An duba su daga sama da tauraron ɗan adam. Daga 2000 zuwa 2013 an rasa fiye da kashi 7 cikin 100, kusan girman Nijeriya duka ke nan, cikin shekara 13 kaɗai. Babban dalili kuwa shi ne yankan katako.

Mai karatu zai ce, ashe an sare itatuwan duka? A'a. Nan ne ya kamata mu lura ƙwarai. A kurmin Kwango masu katako ba su kan share wuri ba. Su kan zaɓi itace ɗaya ko biyu a fili kamar filin ƙwallo, irin su loko da sapele (wannan na biyu sunan garin Sapele na Nijeriya ya ci). Amma domin a fid da gungumen nan ɗaya, dole a yanka hanya. Hanyar ita ce ɓarnar. Maharbi ya kan bi ta da bindiga, ya kai cikin awa uku inda dā sai an yi kwana biyar a ƙasa. Bayansa mai neman gona ya zo. Rana ta shiga ta gefen hanya, ganye ya bushe, wuta ta sami abin ci a wurin da dā ba ta iya kamawa. Wanda ya wuce a jirgin sama zai ga kore shar, ya ce lafiya lau.

Me a ka rasa? Manyan tsofaffin itatuwa su na riƙe da iskar kabon mai yawa a jikinsu, wadda in ta fita ta kan ƙara zafin duniya. Ganyensu kuma ya na mai da ruwa sama, ya sāke saukowa a wani wuri. Akwai kuma kabilun da abincinsu da maganinsu duka daga kurmin ne, kamar Baka na kudancin Kamaru.

Sai mu dubi giwar kurmi, wadda ta fi ta daji ƙanƙanta. Tsakanin 2002 da 2011 an rasa fiye da kashi 60 cikin 100 na irinta saboda haure. Akwai itatuwa masu manyan 'ya'ya waɗanda giwa ce ta ke haɗiye ƙwallonsu, ta kai shi nesa, ta ajiye cikin kashinta ya tsiro. Inda giwa ta ƙare, uwar itacen ta na nan tsaye, ta na zub da 'ya'ya kowace shekara, su na ruɓa a gindinta.