Kuɗin Jirgin Ruwa na Shaƙatawa: Me Ke Ciki, Me Ke Waje

Wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Kano. Ita da maigidanta sun ga tallar jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana bakwai a Bahar Rum, tashi daga Barcelona, an rubuta dala 700. Tambayarta ita ce, wannan kuɗin shi ke nan ko da sauran rina a kaba?

Hajiya, da sauran rina. Dala 700 ɗin nan kuɗin mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗaki ɗaya, wato naku 1,400 ke nan. Wanda zai tafi shi kaɗai ma yakan biya kusan ninki. Kuma farashin talla yawanci na ɗakin da ke can tsakiyar jirgi ne, marar taga. Mai taga ko mai baranda kuɗinsa daban.

Abin da ke cikin kuɗin ba kaɗan ba ne, gaskiya. Akwai ɗaki da shararsa kullum, da tafiyar daga wannan tasha zuwa waccan, da abinci a babban zauren cin abinci da kuma inda mutum ke ɗibar wa kansa, safe da rana da dare, ba a ƙidaya lomar kowa. Wurin ninkaya, da wurin motsa jiki, da wasannin dare, da sashen kula da yara duk suna ciki. A yawancin jirage akwai ruwan sha da shayi da kofi kyauta a wurin ɗibar abinci. Wanda ya tsaya a nan zai ci ya ƙoshi, ya yi kallo, ya huta.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne katin ɗaki. Ranar shiga za a ba ki wani ɗan katin roba, shi ne makullin ƙofarki, shi ne shaidarki wajen sauka da hawa, shi ne kuma jakar kuɗinki, don ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgi. An ɗaura shi da katin bankinki. Ki ce a ba ki lemon kwalba, ma'aikaci ya yi murmushi ya goga katin, ba ki ga kuɗi sun fita daga hannunki ba. Mai hoto ya ɗauke ku a bakin matakala, hoton ya yi kyau, a goga. Wanki da guga, a goga. Sai daren ƙarshe lissafi ya zo, ran mutum ya ɓaci bayan mako guda na jin daɗi. Wannan ne yake damuna, domin dubawa kaɗan ke hana shi. Manhajar jirgin ko talabijin ɗin ɗaki suna nuna abin da aka ci, ki riƙa leƙawa kowane dare kafin barci.

Babban abin da ke shammatar mutanenmu shi ne tukuici. A wurinmu tukuici kyauta ce ta ganin dama. A jirgi kuwa an yanke shi, kullum a kan kowane kai. Kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival da Norwegian suna sa wajen dala 16 zuwa 20 a rana. Ki ɗauki 18, mutum biyu, kwana bakwai: dala 252. Ban ba ki shawarar neman a cire shi ba, ko inda aka yarda, domin masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci, waɗanda da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna wata da watanni ba su ga iyalinsu ba, kuma wannan kuɗin yana cikin abin da suka dogara da shi. Ki sa shi a lissafi tun daga gida. Bayan shi kuma akwai kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan abin sha da tausa. Sai harajin tashoshi: tun Yulin 2024 manyan kamfanonin Amurka suna haɗa shi cikin farashin da suke nunawa, saboda wata dokar jihar Kalifoniya, amma dillali na iya nuna miki farashi ba tare da shi ba. Ki tambaya, a rubuto miki amsar.

Za a tallata miki ƙunshin abin sha na duk tafiyar. Mafi tsadarsa saboda giya ne, ba ruwanki da shi. Akwai na lemo da ruwan 'ya'yan itace zalla, shi ma ki lissafa kofi nawa kike sha a rana kafin ki saya. Abincin halal kuma a nema tun lokacin yankan tikiti, ba bayan an hau ba. In babu, kifi da ganye ba sa yankewa.

Intanet sayen sa ake yi, sau da yawa kowace waya da kuɗinta. Da jirgi ya bar gaɓa ki sa wayarki a tsarin jirgin sama, don layin da take kamawa a tsakiyar teku tsadarsa ba a magana. Asibitin cikin jirgi ma ba kyauta ba ne, shi ya sa inshorar tafiya ta zama dole.

Yawon gari a tashoshi yana waje da kuɗin. Na kamfanin ya fi tsada, sai dai in motarsu ta makara jirgi zai jira. In kun fita da kanku kuka wuce lokaci, jirgi zai tashi, ku nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗinku. A Barcelona ko Marseille mutum na iya zagayawa da kansa. Birnin Rum kuwa yana da nisan kusan kilomita 80 daga tasharsa ta Civitavecchia, a nan na fi son ku bi motar kamfani.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, sau da yawa kuɗin da ya fi nauyi yana zuwa tun kafin a ga teku: tikitin jirgin sama zuwa Sifaniya, kwana ɗaya a otal kafin ranar tashi don gudun jinkirin jirgi, da bizar Schengen. In jirgin zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, sai bizar ta kasance mai shiga fiye da sau ɗaya, kuma a bincika sharaɗin waɗancan ƙasashen. Kada ki biya kuɗin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ki kuma je bankinki ki ji iyakar dalar da katinki zai iya kashewa a waje, domin jirgi yakan riƙe wani adadi a kansa tun ranar farko. In katin naira ne mai ƙaramar iyaka, ki tafi da katin asusun dala, ko ki ajiye tsaba a teburin karɓar baƙi na jirgin, su riƙa cira daga ciki.