Izinin Zuwa Asibiti: A Bayar da Shi Tun Ciki Yana Ƙarami

Daga Ƙofar Kware zuwa asibitin mata da yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk tafiya ce ta cikin gari. Ko a Keke Napep ba ta kai awa guda. Amma ni ungozomar asibiti ce, a wannan unguwa nake zaune, kuma ina shaida muku cewa da yawa daga cikin matan da ake kawo mana a makare ba daga ƙauye mai nisa suke ba. 'Yan cikin gari ne. Hanya ba ta tsare su ba. Jiran izini ne ya tsare su.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun kasa jinkirin da ke kashe mata wurin haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mutanen karkara na fama da na biyu sosai. Mu na birni, na farko ne ke cinye mu, kuma shi ba kuɗin gwamnati ke gyara shi ba. A tsakar gida ake gyara shi.

Ga yadda abin yake zuwa mana. Tsakar dare, mata biyu sun riƙo wata yarinya da ta haihu a gida tun bayan isha'i, mabiyiya ta ƙi faɗowa. An naɗe ta da zannuwa, na ƙasa ya jiƙe har ya yi nauyi. Na ja fatar idonta, ciki fari fat. Tafin hannu sanyi ƙalau, bugun jini yana gudu amma da ƙyar yatsa ke jin sa. Na tambayi uwar mijin, "Inna, me ya sa sai yanzu?" Ta miƙo mini ƙaramar waya tana rawar hannu: "Ɗiyata, maigidan shina Legas, tun ɗazu muke kira ba ta shiga. Mi za mu yi?" Wannan tsohuwa ba mugunta gare ta ba. Tana son surukarta, kuka take yi. Tsoro ne kawai ya hana ta fitar da matar ɗanta da dare ba da saninsa ba. Shi ma mijin, da wayar ta shiga, na tabbata cewa zai yi a tafi maza. Ba wanda ya hana, amma ba wanda ya ga yana da ikon cewa a tafi.

Wannan ne nake so maza su duba da kyau. A gidajenmu jikin na mace ne, ciwon nata ne, amma maganar fita da maganar kuɗi suna hannun wanda sau da yawa ba ya nan. Da an kawar da amfanin gona mazanmu ke tafiya cin rani, wasu kudu, wasu su bi hanyar Kware su wuce Gwadabawa zuwa Illela kan harkar kasuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 44 cikin 100 ne kawai na matan aure a Nijeriya ke da baki a shawarar da ta shafi lafiyarsu. Binciken ya kuma nuna cewa a Jihar Sakkwato haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai 10 cikin 100 ba. Ga kuma kunya, musamman a cikin fari. An tarbiyyantar da yarinya cewa mace ta gari ba ta raki, ba ta ambaton cikinta gaban manya. Sai ta kwana tana naƙuda ta ciji lebe, kowa na yaba mata jarumta. Ina girmama kunya, da ita aka rene ni. Amma kunyar da ke sa yarinya ta ɓoye jini ba ta cancanci yabo ba.

Matsalolin haihuwa ba sa jiran waya ta shiga. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. Jijjiga, wadda wasu ke ɗauka iska ce har a tsaya hayaƙi da tofi, hawan jinin ciki ne ke kawo ta, kuma tana aiko da saƙo tun da wuri: ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki. Akwai allurarta a asibiti. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanya. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a sauka ba, a tafi. Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin mutuwa yake yi, ya ɓule, sai yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa shiga sashen masu yoyon fitsari a asibitin Maryam Abacha ya san abin da kwana biyu na "bari mu ga gari ya waye" ke jawowa, kuma ya san da yawansu ba su da mai zuwa dubiya sai iyayensu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Abin da nake roƙo ba ya cin ko sisi. Tun ciki yana wata uku ko huɗu, maigida ya tara mahaifiyarsa, da matarsa, da abokiyar zamanta idan akwai, da wani ƙane ko maƙwabci amintacce, ya faɗa da bakinsa: "Ko ina nan ko ba na nan, dare ko rana, idan aka ga jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta yi tsawo, a kai ta asibiti, kada a jira ni. Idan likita ya ce sai tiyata, na yarda." Gaban shaidu nake so a faɗa, domin idan a ɗaka ya faɗa wa matarsa ita kaɗai, ranar da abin ya zo ba ta da ƙarfin jayayya da kowa. Wannan bai rage wa namiji girma ba. Ikonsa ne ya yi amfani da shi a kan kari. Sannan ya bar kuɗin gaggawa a hannun wadda ke kwana a gidan, ba a asusunsa na banki ba, ya kuma yi magana da mai Keke ɗaya a unguwa wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare.

Sai maganar jini, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Da an ce ana buƙatar leda biyu, sai barandar da ke cike da 'yan'uwa maza ta fara raguwa. Wannan ya ce jininsa ba shi da yawa, wancan ya ce zai rage masa ƙarfi. 'Yan'uwana, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran cikin makonni, kuma ba a ɗiba sai an gwada an ga kana da isasshe. Namiji lafiyayye na iya bayarwa duk bayan wata uku. A san rukunin jinin mai ciki tun wurin awo, a nemi mutum biyu da suka yi alkawari, a rubuta lambobinsu a bayan katinta.

Mu ma ma'aikata da namu kason. Mace da aka yi wa tsawa a cikin fari ba za ta so dawowa a na biyu ba, kuma za ta gaya wa duk matan gidansu. Na sani, kuma ina faɗa a tsakaninmu kullum. Ku kuma ku san haƙƙinku: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, kuma mace baliga mai hankalinta tana iya sa hannu a takardar tiyatarta da kanta.

Na san duk da haka wasu a gida za su haihu. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba ƙwayar misoprostol ta rage zubar jini da man chlorhexidine na cibiya har cikin unguwanni. Ku tambaya a wurin awo. Ƙwaya uku ake sha, bayan jariri ya fito kuma an tabbata babu na biyu a ciki. Kada a sha ta lokacin naƙuda, domin tana iya fasa mahaifa. Idan an sha kuma jini bai tsaya ba, ko mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a sa jaririn a nono, a riƙa murza mata mara, a ɗauko katin awo a kira mai Keke.