Wa Ya Kamata Ya Riƙe Ragamar Android?

Da yawa daga manyan wayoyin da ke hannun jama'a a 'Yankwashi da Kazaure da Roni, Tecno ne ko Infinix ko itel, kuma duk ukun na kamfani ɗaya ne, wato Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Amma abin da ke tafiyar da su a ciki daga Amurka ya fito. Sunansa Android, babbar manhajar da ke raba wa batir da kyamara da sauran manhajoji aiki, kamar yadda ƙwaƙwalwa ke yi wa gaɓoɓin jiki.

Andy Rubin da abokansa ne suka kafa kamfanin Android a 2003, Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai ɗauke da shi ta fito a 2008. An gina shi ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. A nan ya kamata ɗalibi ya lura, domin Android hawa biyu ne. Hawan ƙasa a buɗe yake, kowane kamfani na iya ɗauka kyauta ya gyara. Hawan sama kuwa, wato Play Store da taswira da Gmail, mallakin Google ne, sai da lasisinsa. A 2019 gwamnatin Amurka ta hana yin hulɗa da Huawei, sai sababbin wayoyinsa suka rasa hawan saman, kasuwarsu ta faɗi a Turai.

Ilimin halittu yana da abin cewa a nan. Idan gonakin yanki duka iri ɗaya aka shuka, cuta ɗaya ta isa ta cinye su. Haka ta faru a 1975, lokacin da cutar rozet, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan ganye ke yaɗawa, ta halaka gyaɗa a arewacin Nijeriya, ƙasar da aka sani da dalar gyaɗa. Wayoyi ma haka suke. A 2015 aka gano wata ɓaraka a Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta sa ana iya kutsawa waya ta saƙon hoto ko bidiyo kawai, kuma ta shafi ɗaruruwan miliyoyin wayoyi. Daga nan Google ya fara fitar da gyaran tsaro kowane wata. Sai dai gyaran ba ya isa ga mai waya kai tsaye; sai ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera ta, kuma waya mai araha takan daina samunsa da wuri. Ga shi kuwa a cikinta malamin makaranta ke duba albashinsa, ɗan kasuwar Babura ke karɓar kuɗin hatsi.

To, wa za a miƙa wa? Wasu na ganin a ba wata gidauniya mai zaman kanta. An gwada: Nokia ya miƙa manhajarsa Symbian ga gidauniya, aka buɗe ta ga kowa a 2010, amma kafin shekarar ta ƙare gidauniyar ta durƙushe, a 2011 kuma Nokia ya koma ga manhajar Microsoft. Linux ya ɗore ne domin kamfanoni masu yawa suna biyan injiniyoyin da ke kula da shi. Kula da manhaja kamar ciyar da doki ne, kullum sai an kashe.

Miƙa ta ga gwamnati ɗaya ya fi haɗari, labarin Huawei shaida ne. Abin da ya fi kama hankali shi ne aikin ya zauna a hannun masu ƙwarewa, doka kuma ta shata musu iyaka. Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 a 2018 saboda tilasta wa masu ƙera waya sanya manhajojinsa. Nijeriya ma ba 'yar kallo ba ce: a 2024 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Tun Yunin 2025 dokar Turai ta wajabta a riƙa sabunta manhajar waya aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurinta. Hukumar sadarwa ta NCC, wadda doka ta ba ikon tantance wayoyi kafin a sayar da su, za ta iya gindaya irin wannan sharaɗi ga wayoyin da ke shiga kasuwar Farm Centre ta Kano.