Sanƙarau da Darasin Aikin Gayya: Koyon Bincike Tare Ta Intanet

A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar cewa sanƙarau ya kashe mutum 26 a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. Cutar ba baƙuwa ba ce a nan, domin arewacin Nijeriya yana cikin ɗamarar ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, inda take yawan ɓarkewa da rani. A 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. To, in an tambayi ɗalibi wane ne ke binciken annoba irin wannan, zai ce likita. Amsar tana da gaskiya, amma ba ta cika ba.

Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira Neisseria meningitidis, takan zauna a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu lahani ba. Wani lokaci ne take kutsawa cikin jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, sai zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya su biyo baya. A ɗauka an kawo yaro mai waɗannan alamu daga Liba, a ƙasar Maiyama. Ma'aikacin ɗakin shan magani ne zai fara zargin cutar ya kai rahoto. Likita ya zuƙo ruwan laka da allura ta gadon baya. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya tantance rukunin ƙwayar, ko A ce, ko C, ko W, ko X, ko Y. Jami'in sa ido kuma ya lissafa: in an sami mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa, in sun kai 10, annoba ta tabbata. Har masanin yanayi yana da ta cewa, saboda cutar tana tashi ne lokacin ƙurar hunturu da bushewar iska, ta lafa idan damina ta sauka.

Tarihin yankin nan ya nuna amfanin wannan sarƙa. An fara rigakafin rukunin A da allurar MenAfriVac a Nijeriya a 2011, kuma rukunin ya kusa ɓacewa. Sai ga sanƙarau ya sake ɓulla a Sakkwato a 2013, da Kebbi a 2014. A idon likita majinyatan ba su da bambanci da na da. Ɗakin gwaji ne ya gano cewa wani sabon nau'i ne na rukunin C, wanda allurar A ba ta tsare shi. Nau'in nan ne ya jawo annobar 2017, wadda ta kama fiye da mutum 14,000. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da Men5CV, allura guda mai tsare rukuni biyar ɗin.

Sai dai tara masana wuri ɗaya daban, aiki tare daban. Kowa an horar da shi a makarantarsa, da kalmominsa da abin da yake ɗauka muhimmi. Alal misali, ma'aikacin da ya saba da alluran rigakafi ya san cewa duk abu mai daraja a akwatin ƙanƙara ake ɗaukarsa. In ya sa ruwan lakar da za a rena ƙwayar daga cikinsa a ƙanƙara, ya kashe ta ke nan, don ba ta jure sanyi; ya yi aiki da kyakkyawar niyya, amma ɗakin gwaji ba zai sami kome ba. Haka kuma mai gwaji ya fi son a ɗebi ruwan kafin a ba da maganin ceftriaxone, shi kuwa likita ba zai jinkirta magani yaro yana mutuwa ba. Dukansu suna da hujja. Tun kafin annoba ya kamata su zauna su yarda cewa rai ne gaba, sa'an nan a aika ruwan inda ake da na'urar da ke gano ƙwayar ko da ta mutu.

Wannan zama shi ne abin da ake koyarwa. A 2008 aka kafa shirin NFELTP, mai horar da likitocin mutane da na dabbobi da masu gwaji tare na tsawon shekara biyu, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan. Amma mutum nawa ne zai iya barin asibitin ƙauye shekara biyu? A nan intanet ta shigo. A 2003 Dokta Sanjeev Arora na wata jami'a a Jihar New Mexico ta Amurka ya ƙirƙiro tsarin ECHO, inda ƙwararru da ma'aikatan karkara ke haɗuwa ta bidiyo a kai a kai, wani ya gabatar da matsalar majinyaci ba tare da ambaton sunansa ba, kowa ya faɗi abin da fanninsa ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta buɗe dandalin darussa kyauta, OpenWHO, a 2017, annobar korona ta 2020 kuma ta sa taro ta waya ya zama ruwan dare.

Ba kowane darasin intanet ne ke haifar da aikin gayya ba. Wanda mutum ya kalla shi kaɗai a ɗaki don ya karɓi takardar shaida zai ƙara masa ilimi, amma ba zai koya masa sauraron abokin aiki ba. Mai amfani shi ne wanda ayarin duka ya zauna kan matsala guda, su daidaita ma'anar "wanda ake zargi" da "wanda aka tabbatar", su san wa zai cika takarda, wa zai kai samfuri, da sunan wa zai fito idan aka buga sakamakon. Wannan na ƙarshe, abin mamaki, yakan raba masana fiye da duk wata gardamar kimiyya. Ga kuma ƙarancin wutar lantarki, da tsadar data, da kasancewar yawancin darussan da Turanci. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da kwalejin lafiya ta Jega sun dace su zama wuraren da ma'aikatan ƙauyuka za su riƙa taruwa gaban allo guda.

Malamin sakandare yana iya gwada abin a aji. Ya kasa ɗalibai gida huɗu: likitoci, masu gwaji, masu lissafi, da masu wayar da kan jama'a. Ya ba kowane gida ɓangare ɗaya kawai na labarin wani yanki mai mutum 60,000, sa'an nan ya tambaye su ko a nemi allura, kuma wace iri. Masu lissafi za su gano cewa majinyata 6 a mako sun isa a ce annoba ce, amma ba za su san allurar da za a nema ba sai sun taka zuwa teburin masu gwaji.